Atiliyen da Baba Ya Ƙera Garma

Mahaifina maƙeri ne na gado. A Zango aka haife shi, cikin Damagaram, a gidan da kakanninsa suka yi ta ƙera wa fatake linzami da wuƙaƙe. Ni dai ban tashi a gidan nan ba. Ina goye aka ɗauke shi aiki a wani atiliye da aka buɗe a wani ƙaramin gari kan hanyar Gidimuni, inda ake ƙera garmar shanu da amalanke da butocin ban-ruwa na masu lambu. A can na yi wayo, a can na shiga lakwal, wato makarantar boko. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Atiliyen doguwar rumfa ce ta kwano a bakin gari, an kewaye ta da bangon siminti. Da safe in aka tayar da gurup, wato injin da ke ba su wuta, duk garin sai ya ji. Da azahar nakan kai wa Baba abinci, in tsaya daga bakin ƙofa saboda an hana mu shiga. Daga nan nake hango shi can ƙurya a gaban wutarsa, ya fito da bakin garma ja wur, ya ɗora, ya yi ta duka. Sauran ma'aikata suna kan injuna, mai yanka yana yanka, mai huda yana huda. Shi kam ba ruwansa da inji. An ɗauke shi ne don babu wanda ya kai shi sanin lokacin da ƙarfe ya ji wuta yadda ya kamata.

Babban amininsa a wurin wani Babarbare ne, dogo, siriri, wanda muke kira Baffa. Iyayensa daga Barno suka zo. Shi ne mai sudir, wato mai haɗa ƙarfe da ƙarfe da wutar lantarki, kullum idanunsa jajur. Tare suke cin abincin da na kai, kuma ban tuna ranar da suka ci ba gardama ba. Baba yakan ce aikin Baffa ai liƙi ne kawai, kowa ma ya iya. Baffa ya ce shi kuma Baba duka kawai ya sani, kamar mai sussuka. In sun gama su wanke hannu da buta ɗaya, kowa ya koma wurinsa.

Ina dab da gama lakwal ta farko aikin ya fara ja da baya. Waɗanda suka kafa wurin suka tattara suka tafi, ƙarfe ya daina zuwa a kan kari, gurup ya lalace aka gyara, ya sake lalacewa aka bar shi. Ma'aikata suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana Baba ya dawo gida tun rana na tsaka, ya ce wa Inna, mahaifiyata, ta fara ɗaure kaya. Muka koma Damagaram, muka sauka a unguwar Kara-Kara, ya kafa 'yar maƙerarsa a ƙofar gida yana ƙera hauya da lauje. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya riƙe ni a karatu har na zama malamar lakwal. Bai sake taka garin nan ba, kuma in aka ɗauko zancen atiliye sai ya tashi ya ba mutane wuri. Baffa shi bai tashi ba, ya koma noman lambu. In ya shigo birni yakan biyo gidanmu su gaisa.

Shekaru suka ja. Na yi aure, na haifa, har furfura ta fara fito mini. Wata safiya ina cikin aji aka ce ina da baƙo. Na fito na tarar da Baffa ya sauka daga kabu-kabu yana kaɗe riga. Ya tsufa ƙwarai, bayansa ya ɗan tanƙware. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa kujera gindin bishiya. Bai bari na gama tambayar mutanen gida ba ya ce:

"'Yata, za su ɗora atiliye a kan sikeli."

Ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun zagaya wurin sau biyu, suna ƙwanƙwasa injuna suna ɗaga kai. Meri, wato ofishin magajin gari, tana son a share filin, kuma ba wanda zai ga laifinta, don wurin ya zama kango. Ya ce shi kuwa ya taɓa shiga gidan tarihi a nan birni, ya ga takubba da tambura da tsofaffin sirada an jera su, mutane suna kallo. Ya tsaya yana tunani: waɗannan kayan yaƙi ne, an adana su, to kayan da suka ciyar da mutane fa? Abin da ya kawo shi, in rubuta masa takarda da Faransanci zuwa ga magajin gari, a roƙa a bar musu rumfar da abin da ke ciki, su mai da ita ɗakin tarihi.

Ban ɓoye masa ba, na ce ban ga wanda zai bar aikinsa ya zo kallon injuna masu tsatsa ba. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce ni dai in rubuta, in sun ƙi ai an faɗa musu. Da aka tashi yara hutun rabin safiya muka shiga aji, na zauna a teburina, shi yana faɗa da Hausa, in ya yi zafi Barbarci ya kuɓuce masa, ni ina juyawa. Da na karanta masa ya ce ta yi tsawo, in cire kirarin da na yi wa magajin gari, in bar maganar garma.

Da la'asar muka tafi wurin Baba. Lokacin ya daina ƙira, hannunsa yana rawa, kunnensa kuma ya yi nauyi saboda shekarun da ya yi yana dukan ƙarfe. Baffa ya matsa kusa da shi ya ɗaga murya ya faɗa masa abin da muke ciki. Na ɗauka zai yi murna. Sai ya ce:

"Ku bar su su ɗauka. In an narkar da shi ya zama ƙofa ko taga, wani ya amfana. Ku so kuke ku jera shi a zo ana kallo kamar gawa."

Abin da ya fi ba ni mamaki, Baffa bai ja da shi ba, mutumin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Suka ci tuwo, suka yi zancen farashin albasa da mutanen da suka rasu, ya yi sallama ya tafi da takardarsa a aljihu.

Na kwana biyu ina jin haushin Baba. Inna ce ta lura. Muna tsinkar zogale a tsakar gida ta ce in daina ganin laifinsa, akwai abin da ban sani ba. Ta ce lokacin da aka ɗauke shi aiki bai yarda da maƙerar Turawa da ya tarar a wurin ba, sai ya zo Zango ya ɗauki uwar maƙerar gidansu, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a daka, wadda ubansa ya gada wurin nasa uban. 'Yan uwansa ba su so ba, ya ce ai aro ne, zai dawo da ita. Ranar da aka rufe atiliye aka ce duk abin da ke ciki na atiliye ne, kada wanda ya fita da ko ƙusa. Da ya yi bayani da wataƙila an ba shi. Shi kuwa ya ga ba zai tsaya yana roƙon abin ubansa ba, ya juya ya fito. Daga baya aka sha shiga wurin ana ɗebe kaya, Baffa ya duba ya ce masa bai gan ta ba. Yayansa har ya rasu bai daina yi masa gorin ta ba. Inna ta ce shi ya sa ba ya son jin sunan wurin, kuma kada in nuna masa na sani.

Bayan mako uku Baffa ya kira ni ta salula ya ce magajin gari yana son ganin mu. Na tafi ranar da babu lakwal. Magajin garin mutum ne da bai kai ni shekaru ba, mai fara'a. Ya ce ya karanta takardar, kuma shi ma a amalanken atiliyen nan ubansa ya riƙa kai su gona, amma shi kaɗai ba ya yanke magana, sai 'yan majalisar gari sun zauna. Suka zauna, wasu suka ce a yi shaguna a wurin, wasu suka ce a bari. Baffa ya tattaro tsofaffin ma'aikata da suka rage, su biyar ko shida, suka zauna a ƙofar meri cikin manyan riguna har aka fito. Aka raba magana biyu: tarin ƙarafan da ke bayan rumfa a sayar, a share wajen, rumfar kuma da injunan da ke kafe a ciki a bar su. Gyara da tsaro kuwa namu ne.

Ranar da muka shiga rumfar ita ce ranar farko da na taka cikinta, ina da jikoki biyu. Ta fi ƙanƙanta a kan yadda na riƙe ta a zuciya. Rana tana zubowa ta hujojin kwano, jemagu sun cika rufi, rina sun yi gida a jikin injin huda. Tsofaffin nan suka tuɓe manyan riguna suka kama aiki. Matansu da 'ya'yansu mata suka zo da tsintsiya, muka yi ta fid da ƙasa da kwando. Wani mai gyaran mota ya ba mu baƙin mai, aka riƙa shafa wa injuna. Wani tsoho da ya yi shekaru yana yanka ƙarfe ya kama hannun injinsa ya ja, ya ƙi motsi, ya zauna ya yi ta ɗiga masa mai yana bubbugawa har la'asar. Da hannun ya sauko ya tashi ya yi ta zagaya injin yana dariya.

Aka sa mai shela ya zagaya ranar kasuwa, duk mai wani abu da aka ƙera a atiliye wanda ya daina amfani da shi ya kawo. Ban zaci za a kawo da yawa ba. Sai ga garemani, ga ƙafafun amalanke, ga butoci da gindinsu ya huje, ga wani ƙarfen jan guga da aka ciro daga tsohuwar rijiya. Aikina shi ne in rubuta kowane abu a kaye, wato littafin rubutu, in yanka kwali in rubuta sunansa da Hausa da Faransanci, in rataya. Abin da ban sani ba in tambayi tsofaffi, in sun saɓa in ɗauki maganar wanda ya fi ɗaga murya.

Duk wannan Baba bai tambaye ni komai ba. In na dawo na je gaishe shi sai ya dubi baƙin man da ke bakin zanena, ya ce hanya lafiya, in ce lafiya lau.

Sai ranar da kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ɗaukar ƙarafan baya. Ina ciki ina rubutu na ji Baffa yana cewa masu lodi su dakata. Na fito na same shi durƙushe inda aka ɗaga wasu tsofaffin ƙafafun amalanke, yana tonon ƙasa da hannu. Abin da ya fito da shi wani guntun ƙarfe ne mai kauri, bai kai kamu biyu ba, gindinsa tsini, kansa ya baje saboda duka. Tsatsa ta rufe shi. Da ni kaɗai ce da na bari an jefa shi mota. Mai sayen ya ce ai yana cikin abin da aka sayar masa. Baffa ya rungume ƙarfen a ƙirji ya ce masa wannan ba na atiliye ba ne, yana da mai shi, kuma mai shi yana da rai. Mutumin ya dubi tsofaffin da suka kewaye shi, ya ce a bar wa Baba kayansa. Yadda aka yi uwar maƙerar Baba ta koma can baya ba wanda ya sani. Baffa ya ce mai yiwuwa masu ɗibar kaya ne suka tumɓuke ta, ta yi musu nauyi suka yar.

Ya hana ni ɗauko ta. Ya ce in je in zo da mai ita.

Na isa gida bayan la'asar, na zauna kusa da Baba, na sa baki a kunnensa na ce an ga uwar maƙera. Bai tambaye ni wace ba, bai kuma tambaye ni wa ya ba ni labarinta ba. Ya juya ya dubi Inna, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗenta. Can ya ce wa ya gan ta, na ce Baffa. Ya ce to ita ce. Da na miƙe zan tafi, sai ya ce wa Inna ta fito masa da farar rigarsa a goge.

Washegari muka kama motar farko. Da muka hango dabinai ya ce da can hanyar ba ta nan take bi ba. A ƙofar rumfa ya tsaya ya cire takalmi, ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba. Tsofaffin abokan aikinsa suka taso, wasu rabonsa da su tun ranar da aka rufe. Aka yi ta gaisuwa ana riƙe da hannun juna. Baffa ya riga ya wanke uwar maƙerar ya shafa mata mai ya ɗora a kan tebur. Baba ya je ya tsaya a kanta, ya shafa kanta da tafin hannu, ya sa babban yatsa a wani ɗan lotsi da ke gefe. Ya ce ubansa ne ya yi wannan, ranar da masaba ta kuɓuce masa. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba, mu ma ba wanda ya dube shi kai tsaye.

Da ya natsu ya ce in zagaya da shi in karanta masa abin da na rubuta, tunda shi bai yi boko ba. Nan na sha kunya. Awartaki uku na rataya na sa musu suna ɗaya, ya ce kowanne da aikinsa, wannan na kama bakin garma ne, wannan na zobe, wannan kuwa ba ma na atiliye ba ne, na wani maƙerin ƙauye ne. Muka zo kan wata garma da na fi so, wadda na rubuta cewa shi ya ƙera ta, don haka tsofaffi suka gaya mini. Ya juya ta, ya dubi bakinta, ya ce ba aikinsa ba ne. Na wani abokin aikinsu ne da ya rasu tuntuni, mutum mai bahagon hannu, ga yadda dukansa yake kwanciya. Na ce ai ba wanda zai gane. Ya ce:

"Uwata, 'ya'yansa suna garin nan. Cire sunana ki sa nasa."

Na cire. Ya ce kuma in samo babban allo in rubuta sunan duk wanda ya yi aiki a wurin, har mai gadi da matar da ke kawo musu ruwa. Suka zauna a tabarma suna tunowa, ina rubutawa. Wani su tuna sunansa, wani sai laƙabinsa kawai. Sun kai azahar suna yi, ana dariya, ana yi wa matattu addu'a.

Bayan salla Baffa ya ce wa Baba ga kayansa nan, ya ɗauka, magajin gari ma ya sani. Na tabbata da ita za mu koma. Baba ya ce ya kai ta ina? Hannunsa ba ya riƙe masaba, ƙannena maza kuma ɗaya direba ne, ɗaya yana aikin soja, gidan Zango ma an daina ƙira a ciki. Ya ce zai bar ta, amma da sharaɗi.

"Ku sauke ta daga tebur ɗin nan. A kafa ta a ƙasa inda take da. Kuma duk ranar kasuwa a hura wuta a yi aiki a kanta. In ba za a yi ba, ku ba ni abata in tafi."

Baffa ya ce ai ya san duka dai za a koma. Baba ya ce to da liƙi za a koma? Aka kwashe da dariya. Ranar aka samo kututture aka binne a ƙuryar, aka kafa ta. Wasu maƙera biyu na garin, magidanta, waɗanda suke aiki a wata rumfar kara a bakin kasuwa, suka ce su za su riƙa zuwa da zugazuginsu da gawayinsu.

Tun daga nan Baba ya zama ba ya fashin ranar kasuwa in dai jikinsa ya bari. In ina da aji ƙanena direba ya kai shi. Yakan zauna a kujera kusa da wuta, ba ya taɓa komai, sai dai in maƙerin ya yi saurin fid da ƙarfe ya ɗaga sanda ya nuna masa ya mayar. Manoma suka riƙa kawo hauya da gatari gyara, suna jira suna zagaya injuna, tsofaffi suna ba su labari. Mutanen da na ce ba za su zo kallo ba, gyara ya kawo su, suka yi kallon. Na kai 'yan ajina sau ɗaya, malamai na wasu lakwal suka ji su ma suka fara kai nasu.

Wata ranar kasuwa cikin rani wata tsohuwa ta zo daga wajen tafki da garma a kan amalanken jaki. Ta ce ta marigayi mijinta ce, tun suna amare ya saye ta a nan. Garmar ba abin da ya same ta, an sha mai da mata baki amma jikinta garau. Na yi murna, na buɗe kaye na fara rubutu. Sai ta ce in rubuta da kyau, don in ruwa ya sauka ɗanta zai zo ya ɗauka. Na aje bik ɗin da nake rubutu da shi na yi mata bayani cewa abin da ya shigo ɗakin tarihi ya shigo ke nan. Ta ce ita ba ta san wannan ba. Ta ji an ce ana ajiye kayan atiliye ana shafa musu mai, ita kuma ɗakinta yana zuba, shi ya sa ta kawo. In ba a bayarwa a mayar mata a amalanke.

Baba ya ga muna ja-in-ja ya tambaya, aka faɗa masa a kunne. Rabon da in ga ya yi dariya irin ta ranar har na manta. Ya ce a karɓa, ita ce ma ta fi mu gane abin da ake yi. Aka karɓa. Da damina ta faɗi ɗan ya zo ya ɗauka, bayan girbi ya dawo da ita da ƙasa a jiki, aka wanke aka mayar wurinta. Wasu suka ji suka yi haka su ma. Yanzu in ka je da damina za ka tarar da gefe guda na rumfar wayam, kwalaye kawai a rataye, a ƙarƙashin kowanne na ƙara layi ɗaya: ta tafi gona. Wani baƙo da ya san aikin gidajen tarihi ya taɓa ce mini ba haka ake yi ba. Na ce masa na sani.

Damina biyu Baba ya yi yana zuwa. A ta uku ƙafa ta hana shi, ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. A kwanakin jinyar in na dawo daga can yakan tambaye ni an hura wuta, in ce an hura, ya ce wa ya yi duka, in faɗa masa. Mutanen garin nan mota guda suka cika suka zo jana'iza. Cikinsu har da 'ya'yan mai bahagon hannu, waɗanda ban taɓa sani ba sai ranar. Ina gode wa Allah da ya ba shi shekarun nan biyu. Na girma ina ganin mahaifina mutum ne mai shiru wanda ba a san abin da ke ransa ba. A rumfar nan na ji shi yana ba da labari, yana tsokana, yana faɗa, na san shi yadda abokansa suka san shi.

Yanzu na aje aiki, nakan je duk bayan mako biyu. Kwanon rufi har yau yana zuba ta gabas, muna ta fama. Baffa idonsa ya yi rauni, wutar sudir ta ci shi, amma kullum yana bakin ƙofa a kan tabarma. Zuwana na baya-bayan nan na zauna kusa da shi na ce akwai abin da na daɗe ina son tambayarsa. Kowa ya watse ya bar wurin, shi me ya sa ya yi shekara da shekaru yana lura da shi, yana toshe bango in ya tsage, yana korar masu ɗibar kaya? Na ɗauka zai ce mini tun farko ya hango abin da wurin zai zama.

Ya ce a'a, shi bai hango komai ba. Gidansa ne kusa, kuma in hadari ya taso a nan yake shigar da awakinsa. Ya ce sai da ya ga mutanen nan suna ƙwanƙwasa injuna sannan ya ji abin ya tsaya masa a rai.

Na ce ko ma mene ne, mun gode, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce amin. Sannan ya ce in tashi in tafi tasha tun motar Damagaram ba ta cika ba, kuma in na dawo in zo masa da goro fari, na wancan zuwan duk ja ne.